Yadda Tsoron Haukan Kare Ya Kusa Sa Na Ɗaure 'Yata

Malam Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da jama'a ke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke abin da ya daɗe a raina. Roƙona ɗaya, a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A shekarun da ake bin layin sabulu da madara, ni tela ne a Dutsen Kura, nan cikin Minna. Ina da ɗan shago a bakin hanya da keke ɗaya, shekaruna kuma ba su wuce talatin da 'yan kai ba. An san ni da iya yankan kaftani, an kuma san ni da wani hali da ba abin alfahari ba ne, wato firgita da gaggawa. Idan aka ce gobara ta tashi a kasuwa, sai na yi nisa da gudu sannan zan tuna ban tambayi wace kasuwa ba. Abokaina na majalisa sun mai da ni abin tsokana, wani zai lallaɓo ya tafa hannu a bayana don kawai ya ga na yi tsalle. Ni kuwa ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, ce wa kaina nake yi mai iyali dole ya zama mai saurin tashi. Matata ta sha bamban da ni. Ita ko tukunya ce ta kife mata, sai ta tsaya ta ga inda miyar ta nufa kafin ta ɗauko tsumma, kuma a lokacin wannan sanyin nata haushi yake ba ni ƙwarai. 'Ya'yanmu biyu, namiji na goye da babbar, yarinya 'yar shekara shida wadda na sa wa sunan mahaifiyata marigayiya. Saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata.

Gidan haya muke zaune, mu da wasu iyalai. A ɗakin ƙarshe akwai wani maƙwabcina Kirista, mutumin kudancin Kaduna, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Zamanmu lafiya lau, matarsa ce ke yi wa Mamana kitso, ni nake ɗinka wa yaransu kayan makaranta. Suna da wata karya ja, siririya, da ke kwana a bayan kicin ɗinsu. Ban taɓa sonta ba, ba na yarda ta raɓi tabarmata, amma na san albarkacin haushinta ne nake iya kwana da shaddodin mutane a ɗaki ba tare da fargabar ɓarawo ba.

Wata rana cikin bazara, ana irin zafin nan na Minna da kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai, ina kan keke bayan azahar sai ga wata mata ta faɗo shago tana cewa kare ya ciji Mamana. Ban san lokacin da na isa gida ba. Na tarar da matata tsugune a gindin randa, ta riƙe hannun yarinyar tana wanke shi da sabulu, ta ɗauraye ta sake goga sabulu, yarinyar na tsala ihu. Cizon a damtse yake, haƙoran sun shiga. Da na waiwaya sai na hango karyar a ƙarƙashin benci, harshe a waje, yawu na ɗiga, tana gurnani. Yau na san cewa kowane kare haka yake a cikin irin wannan zafi. A ranar kuwa abu ɗaya na gani, mahaukacin kare.

Dole in faɗi dalilin da ya sa kaina ya tafi can kai tsaye. Lokacin da nake saurayi ina koyon ɗinki a Zungeru, akwai wani masunci a unguwarmu da kare ya ciza a ƙafa. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wasu makonni sai ya fara zazzaɓi, daga nan mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin kogi ya zama idan ya ga ruwa a ƙwarya sai maƙogwaronsa ya shaƙe, idanunsa su firfito, ya dinga fizge-fizge. Ina cikin samarin da aka kira muka danne shi aka ɗaure shi, aka rufe shi a ɗaki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsakanin tashin ciwon yana dawowa cikin hankalinsa sarai, ya kira mu da sunayenmu yana roƙo mu kwance shi. A haka ya rasu. Ban taɓa ba matata wannan labari ba, amma ban taɓa rabuwa da shi ba.

Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Wani dattijo mai sayar da itace a layinmu, wanda ake jin maganarsa, ya ce ai abin da aka sani tun kaka da kakanni shi ne a kashe karen nan take, tun hauka bai tashi a jikinsa ba, domin duk ranar da ya haukace, wanda ya ciza ma zai haukace ko yana wace duniya. Ya ce a ƙona gashinsa a shafa tokar a bakin ciwon. Maƙwabcina yana wurin aiki. Matarsa ta sha gabana tana roƙo in jira maigidanta ya dawo, tana ta ƙoƙarin gaya mini wani abu, amma kunnuwana sun toshe. Matata ma daga inda take tsugune ta ce a fara kai yarinya asibiti, kare ba inda za shi. Ban saurari kowa ba. Na ɗauki taɓarya. Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba, har yau ba na son tunawa. Samari suka ja gawar zuwa kwazazzabon bayan gida, suka ɗora mata tsohuwar taya suka cinna wuta, aka kawo mini tokar gashi na shafa wa yarinya da hannuna.

Sai da gida ya yi tsit sannan muka ji wani ɗan siririn kuka daga bayan kicin. 'Yan kwikwiyo ne a cikin kwali, ko ido ba su buɗe ba. Ashe karyar haihuwa ta yi a 'yan kwanakin, maƙwabcina da matarsa suka ɓoye don kada mai gidan haya ya yi faɗa. Mamana ta gano wurin, ta sa hannu ta ɗauki ɗaya za ta goya, uwar ta kai mata cizo. Abin da matar maƙwabcina ke son gaya mini ke nan.

A asibiti likita ya sa aka kankare tokar aka sake wanke ciwon, ya yaba wa wadda ta fara wankewa da sabulu, sannan ya tambaye ni ina karen. Na ce masa na gama da shi, har da ɗan alfahari a muryata. Ya ajiye abin rubutunsa ya dube ni. Ya ce da an ɗaure karyar ana ba ta abinci ana lura da ita kwana goma, in ta wuce lafiya, to da hankalin kowa ya kwanta cewa ba ta ɗauke da ciwon. Ya ce ko da an kashe ta, da an bar kan, da akwai inda za a aika a gwada. Yanzu da na ƙone ta, babu mahalukin da zai iya gaya mini ko tana da hauka ko ba ta da shi, don haka dole a ɗauka tana da shi, a yi wa yarinya allurai a ciki, gefen cibiya, kullum ɗaya har kusan mako biyu. Ya ƙara da cewa maganin ma babu shi a hannu a lokacin, sai an nemo, watakila a Kaduna. Amsar da nake nema ruwa a jallo, ni da kaina na cinna mata wuta a kwazazzabo.

Da yamma maƙwabcina ya dawo. Na shirya wa faɗa, har na tanadi maganganun da zan mayar masa. Ta taga na ga ya je ya tsaya a inda karyar ke kwanciya, ya daɗe a tsaye, hannuwansa a baya. Daga nan ya zo ƙofata ya yi sallama, ya tambayi jikin yarinya, ya saurari abin da likita ya ce. Na fara kame-kame ina son in kare kaina, sai ya ɗaga hannu ya ce da irin Hausarsa, “Maigida, kare ya riga ya tafi. Yarinya ne a gabanmu yanzu.” Washegari ya nemi izini a wurin aiki, ya ɗauki fulas ɗin matarsa ya hau mota zuwa Kaduna. Sai da ya yi 'yan kwanaki yana yawo kafin ya dawo da maganin a cikin ƙanƙara.

Allurar nan ba na fatan ko maƙiyina ya ga an yi wa ɗansa. Cikin yarinya ya kumbura, ya yi ƙulu-ƙulu, ko zane ba ta son ya taɓa wurin. Kowace safiya matata za ta goya ƙaramin, ta riƙe hannun Mamana su tafi, tana ba ta labarin kanzon kurege a hanya, a dawowa ta saya mata rake. Ni sau ɗaya na bi su, da na ji ihun daga bakin ƙofa sai na gudu na dawo shago. Da aka gama, likita ya ce in Allah ya yarda an tsallake, mu koma harkokinmu, amma in muka ga tana zazzaɓi tana gudun ruwa mu kawo ta da sauri. Matata ta ɗauki farkon maganar ta riƙe. Ni kuwa ƙarshenta kawai na ji.

Daga nan na shiga wani hali da ban san sunansa ba. Zuciyata ta dinga kawo mini lissafi iri-iri: ai maganin ya zo a makare, ai watakila ƙanƙarar ta narke a hanya ya lalace, ai masuncin Zungeru ma sai da ciwonsa ya warke sannan abin ya taso. 'Yan kwikwiyon nan kuma, duk da matar maƙwabcina na ɗura musu madara da cokali, suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san rashin uwa ne ya kashe su, ni kaɗai na ce ciwon ne suka tsotsa. Sai na ɓullo da gwaji. Ina cikin ɗinki sai gabana ya faɗi, in bar keke in shigo gida, in kira Mamana daga wurin wasa, in ɗebo ruwa in miƙa mata. Ba na cewa komai, tsugunawa nake yi a gabanta in zuba wa maƙogwaronta ido har ta haɗiye. Idan ta shanye sai in ji sanyi, amma sanyin ba ya kai ni la'asar. Da farko dariya take yi, tana cewa Baba ai yanzu na sha. Daga baya ta daina dariyar, ta dinga karɓa da hannu biyu tana kallon fuskata ta saman kofin.

Ban tsaya nan ba. Na ware mata kofinta, na ɗaura jan zare a hannunsa, na hana ta sha da na kowa, na hana ta sumbatar ƙaninta. A majalisa ba ni da zance sai na haukan kare, na ba da labarin masuncin Zungeru har mutane suka haddace, da ɗaurin da ɗakin da aka rufe shi duka. Ban yi tunanin cewa maza na kai labari gida, mata na maimaitawa a gaban yara ba. Sannu a hankali iyaye suka fara janye 'ya'yansu, Mamana ta koma wasa ita kaɗai a bakin ƙofa da gwangwanaye. Aikina ma ya lalace. Na yanka wa wani alhaji shadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ɗinke wa wani aljihu ta ciki, masu kawo ɗinki suka fara wucewa shagon gaba. Na rame, abinci ba ya shiga, ko kare na ji ya yi haushi a wata unguwa sai in tashi in leƙa Mamana.

Matata ta yi mini magana ba sau ɗaya ba. Ta ce in lura, yarinyar nan da ta ji ƙarar takalmina take neman wurin ɓuya. Ta ce likita ya ce an tsallake, mu bar wa Allah sauran, in kuwa wani abu zai zo, tsare ta da ido ba zai hana shi ba. Na ce mata ba ta da zuciya, uwar da ta san zafin haihuwa ba za ta zauna tana tankaɗe hankali kwance ba alhali 'yarta na bakin mutuwa. Wannan magana ta yi mata ciwo, na gani a fuskarta, amma ba ta rama ba. Sai bayan shekaru matar maƙwabcina ta gaya mini cewa kusan kullum takan ji matata a banɗaki tana kuka ƙasa-ƙasa, ta gama ta wanke fuska ta fito tana yi wa yara waƙa. Ashe tsoron da nake ji ita ma tana jin sa, bambancin kawai ita ta san inda take ajiye nata.

Ranar da ba zan manta ba ta zo bayan kamar wata guda da gama allurar. Tun safe Mamana ta tashi jikinta da ɗumi, matata ta ce za ta je kemis ta dawo. Na shigo daga shago na tarar da yarinyar kwance a tabarma ita kaɗai. Na taɓa goshinta na ji zafi rau. Na ɗauko kofin mai jan zare, na cika shi, na tsuguna a gabanta kamar yadda na saba. Tana ganin kofin sai ta tashi zaune, idanunta suka yi waje, ta ja da baya har ta jingina da bango tana girgiza kai. Na ce Mamana sha mana. Ta rufe bakinta da hannu biyu. Na matsa, na kai kofin bakinta, sai ta kwaɗe shi ya faɗi, ta fasa ƙara, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin gado tana wani irin numfashi.

Malam Edita, duk abin da na yi wata guda ina jira, ga shi a gabana. Na fito tsakar gida ina salati da ƙarfi, ina cewa abin ya zo, abin ya zo. Mutane suka taru, mata na leƙe daga nesa suna riƙe da 'ya'yansu. Dattijon nan mai itace ya iso, ya ce kada a ɓata lokaci, a ɗaure ta tun ba ta ciji wani ba, ko yawunta ya taɓa mutum an gama. Na ruga shago na zazzage buhun guntayen yadi, na dinga yage dogaye. Abin da ke sa ni hawaye har yau shi ne, a cikin wannan ruɗewa sai da na tsaya na zaɓi yadi mai laushi, wai don kada ya yanke mata hannu. Na san yadda ake ɗaurin, na taɓa yi. Na nufo ɗaki da ƙyallayen a hannuna, kuma wallahi da na shiga da na aikata.

A bakin ƙofa na tarar da matata. Ta dawo, goyo a bayanta, ta dafa dogaran ƙofar da hannu biyu. Ta dubi abin da ke hannuna, ta dubi fuskata. Ba ta ɗaga murya ba, amma tunda muka yi aure ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba.

“Malam, ba za ka shiga ɗakin nan ba. In kana son yarinyar nan, je ka waje ka zauna.”

Na buɗe baki zan yi gardama, sai ta juya ga jama'a ta ce ta gode, kowa ya koma ɗakinsa, in ana bukatar taimako za ta kira. Ta shiga ta turo ƙofa ta sa sakata. Maƙwabcina, wanda ranar bai fita aiki ba, shi ya kamo hannuna ya kai ni benci a gindin mangwaron ƙofar gida. Ya zare ƙyallayen daga hannuna ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su ya cusa a aljihunsa. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce komai zai yi daidai ba, zama kawai ya yi kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ina ta kasa kunne in ji irin kukan da na ji a Zungeru, ban ji komai ba, shirun kuma ya fi kukan tayar mini da hankali. Da aka kira la'asar sai ya ce in tashi in yi sallata, shi yana nan ba inda za shi. Na ɗauki buta na yi alwala. A sallar nan ban san abin da na karanta ba, amma da na sallame na ji numfashina ya fara dawowa daidai, karo na farko a ranar.

Ina zaune a kan buzu sai matar maƙwabcina ta zo ta ce matata na kirana, amma ta bayan ɗaki, kuma kada in yi motsi mai ƙarfi. Na zagaya na tsaya a jikin taga. Matata ta ɗan ɗaga labule, ta sa yatsa a leɓe. Mamana na zaune a cinyarta, ta ba taga baya kaɗan, ta riƙe moɗar randa da hannu biyu tana kwankwaɗar ruwa, yana zuba ta gefen bakinta har wuya. Ta shanye ta miƙa moɗar ta ce a ƙara. Na zame na zauna a ƙasa a gindin bango, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu.

A asibiti aka duba aka ce zazzaɓin sauro ne da ciwon maƙogwaro, aka ba da magani, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. Sai da ta warke matata ta gaya mini abin da ya faru a ɗakin. Ta ce ba ta yi wata dabara ba, zama ta yi a ƙasa kusa da gadon tana ba ƙaramin nono, ba ta ko ambaci ruwa ba, har yarinyar ta gaji ta fito da kanta ta kwanta a jikinta. Can sai ta raɗa mata a kunne: “Inna, ƙishirwa nake ji tun safe. Amma wuyana yana ciwo, in na ƙware a gaban Baba zai ce na haukace, a ɗaure ni a rufe ni a ɗaki.” Yaran gidan sun gaya mata komai, labarin da na yi ta bazawa a majalisa ya zagayo ya same ta. Duk ranar da na tsuguna a gabanta da kofi, ita a wurinta jarrabawa ce da in ta faɗi za a ɗaure ta. Wata guda 'yar shekara shida tana ɗauke da wannan, ba ta gaya wa kowa ba.

Na je na nemi gafarar maƙwabcina da matarsa, na nemi ta matata. Ba zan ce tsoro ya bar ni a ranar ba, ya daɗe yana taso mini. Amma na koyi abu ɗaya daga matar da nake yi wa gorin sanyi: idan gabana ya faɗi, ba na tashi. Nakan zauna a inda nake, in ambaci Allah, in tambayi kaina me na gani da idona, me kuma zuciyata ta ƙara a kai. Sau da yawa sai in tarar abin da na gani kaɗan ne, ragowar duk ɗinkina ne. Ko karyar nan tana da hauka ko ba ta da shi, har gobe ban sani ba, na kuma haƙura da sanin.

Ga masu karatu, wanda kare ya ciji nasa, ya wanke wurin da sabulu sosai, ya garzaya asibiti, a tsare karen kada a bi maganar a kashe a ƙona. Amma babban abin da ya sa na rubuto ya wuce zancen kare. Musiba za ta zo wa kowa, ciwo ne, gobara ce, rashin aiki ne, kuma jin tsoro ba laifi ba ne. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne yanke hukunci a lokacin da jiki ke rawa, da kuma zuba wa na ƙasa da kai tsoronka. Yaro ba ya gane bayanin likita, fuskar ubansa yake karantawa. In ya ga uban ya tsaya da ƙafafunsa, zai iya jure allura a ciki. In ya ga uban ya ruɗe, to ba shi da sauran wurin gudu. Na ɗauka ina tsaron 'yata ne, alhali a wannan watan babu abin da take tsoro a duniya kamar ni.

Mamana ta girma lafiya, bara aka yi mata aure, tana can wajen Garatu da mijinta. Muna shiri ƙwarai, in ta zo gida takan zauna kusa da ni mu yi ta hira, ta ci tuwo a gabana, ta tsokane ni a kan furfurata. Amma da zarar an kawo ruwa, sai ta ɗauki kofin ta miƙe ta fita tsakar gida, ko ta juya ta fuskanci bango. Uwarta ta taɓa tambayarta dalili, ta yi dariya ta ce ita ba ta ma san tana yi ba. Na yarda ba ta sani ba. Ni ne na sani, domin tun ranar da na leƙa ta tagar nan ban sake ganin 'yata tana shan ruwa ba.